Daga Morton Zuwa Arthur: Kabewar Ado Daban, Ta Tukunya Daban

Idan ka bar Shikago a watan Oktoba ka nufi kudu maso yamma, tafiyar kamar awa biyu da rabi a mota za ta kai ka Morton, wani ƙaramin gari kusa da Peoria a jihar Illinois. Ƙasar shimfiɗe take, ba tudu ba gangare, dama da hagu masara ce da waken suya sun bushe suna jiran injin girbi. Kabewa ce ta sa na bi wannan hanya. Babu jihar da ta kai Illinois noman kabewa a Amurka, kuma a Morton ne kamfanin Libby's yake da masana'antar da ke dafa ta, ta niƙe, ta ɗura a gwangwani. Mafi yawan kabewar gwangwani da Amurkawa ke ci daga nan take fitowa. Tun 1978 gwamnan jihar ya laƙaba wa garin sunan babban birnin kabewa na duniya, kuma duk Satumba sai sun yi mata biki.

Baƙo zai zo da tsammanin ganin gonaki jajur da kabewa mai launin lemo, irin ta hotuna. Ba haka na tarar ba. Wadda ke kwance a gonakin kewayen Morton launinta ƙasa-ƙasa ne mai haske, doguwa ce, ɓawonta sumul, ba ta da wani kyan da zai tsayar da mai wucewa. Sunanta Dickinson. Inji ne ke tura su ya jera layi-layi, wani injin ya bi ya kwashe ya zuba a manyan motoci. Shi ya sa ruwan sama a lokacin girbi babbar matsala ce gare su: a 2009 ruwa ya yi yawa, injuna suka kasa shiga gona saboda taɓo, kabewa ta ruɓe a ƙasa, aka yi ƙarancin gwangwaninta a shaguna. Idan ka fasa Dickinson za ka ga dalilin da ya sa ake wahala a kanta. Tsokarta mai kauri ce, launinta ya nuna sosai, ba zare, ba ruwa da yawa. Wato kabewar da Amurka ke ci ba ita ce wadda take ƙawata ƙofar gida da ita ba, kuma duk wanda zai saya a kaka daga nan ya kamata ya fara lissafi.

Daga Morton na gangara kudu maso gabas zuwa Arthur, inda al'ummar Amish, wasu Kiristoci da ba sa tuƙa mota, suka zauna tun shekarun 1860. Nan sai direba ya rage gudu, domin kekunan doki ne ke tafiya a gefen titi. A wajen garin akwai gonar da ke shuka ɗaruruwan nau'in kabewa da danginta, ta baje su a kan damman ciyawa da amalanke, kowane tuli da allon sunansa. Da yawansu iri ne na gado, wato irin da manoma suka daɗe suna ajiye 'ya'yansa suna sake shukawa, ya fito daidai da uwarsa. Irin da kamfanoni ke haɗawa daga iyaye biyu ba ya yin haka. Ka shuka 'ya'yansa, abin da zai fito daban.

A gaban tulin nan launi ne ke ruɗin mai saye. Abin da ya fi launi amfani shi ne mariƙi, guntun karan da ya haɗa kabewa da yaɗonta. Kusan duk abin da ke wurin daga gida uku ya fito, kuma mariƙin ne ke nuna gidan. Idan mai tauri ne, mai kusurwa biyar da tsaga mai zurfi, yana ɗan sukar hannu, wannan gidan pepo ne. Idan zagayayye ne, mai kauri, busasshe amma da ɗan laushi idan ka danna, gidan maxima ke nan. Idan mai tauri ne, kusurwoyinsa ba kaifi, kuma ya baje a daidai inda ya manne da kabewar, to moschata ce. A taƙaice, manyan pepo na sassaƙa ne kuma ba sa daɗewa, maxima ta fi yawan launi da kyan gani kuma da yawanta na da daɗi, moschata kuwa ta fi jure ajiya da zafi, tsokarta ta fi santsi. Dickinson ta Morton moschata ce.

Tulin da ya fi girma a kowace gona shi ne na zagayayyiya mai launin lemo. Kakarsu ita ce Connecticut Field, wadda ake nomawa a arewa maso gabashin Amurka tun kafin shekara ta 1700, asalinta daga gonakin 'yan asalin ƙasar da ke shuka kabewa tare da masara da wake. Takan kai kilo 7 zuwa 11. Daga gare ta wani manomi a Massachusetts ya tace irin da ake kira Howden, mai miƙaƙƙen mariƙi da jiki daidai-wa-daida, wanda ya cika kasuwa tun shekarun 1970. Waɗannan su ake fafewa a yanka musu ido da baki a sa fitila ciki don bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba. Don wannan aikin ba su da na biyu: cikinsu fili ne, bangonsu bai cika kauri ba, wuƙa na shiga ba gardama. A tukunya kuwa asara ce. Zare ne da ruwa, ɗanɗano salam.

Wadda ke tsayar da mutane su ɗauki hoto ita ce Rouge Vif d'Étampes, mai jan launi sosai, a baje, da tsagogi masu zurfi. Daga garin Étampes da ke kudu da Paris take, kuma kamfanin iri na Burpee ne ya shigo da ita Amurka a 1883. Maxima ce, takan kai kilo 10. A ado ba ta da aibi, musamman a ƙasan jeri idan an ɗora kabewa a kan kabewa, saboda faɗinta. A girki tana da matsakaicin matsayi: ruwanta ya yi yawa, zaƙinta kaɗan, ta fi dacewa da miya mai ruwa-ruwa. Ni dai ina ganin sunan da ta yi a girki ya fi ƙarfinta. Kyanta ne ke sayar da ita.

'Yar ƙasarsu Musquée de Provence ta kudancin Faransa ita ce ta haɗa biyun. Tana ɗanya koriya ce shar, idan ta nuna sai ta koma launin ƙasa mai duhu da ƙyalli, tsagoginta sun fi na kowa zurfi. Moschata ce, takan kai kilo 9 ko fiye, kuma cikinta kusan duk tsoka ne mai jan lemo da ƙamshi. A kasuwannin Faransa yanka ta ake yi ana sayarwa ɓari-ɓari, yadda ake sayar da kabewa a kasuwanninmu, domin gida ɗaya ba zai cinye guda a zama ɗaya ba. Matsalarta ita ce tana buƙatar kusan kwana 120 kafin ta nuna, don haka a wuraren da sanyi ke saurin sauka sau da yawa ana cire ta da sauran kore. Irin wannan za ta ci gaba da canza launi a ɗaki mai ɗumi, amma ba za ta kai wadda ta nuna a kan yaɗo daɗi ba. Ka zaɓi wadda launin ƙasa ya rinjayi kore.

Long Island Cheese ba ta da wannan kwarjini. Launin madara-madara ce, a baje, kilo 3 zuwa 5, an sa mata sunan ne don ta yi kama da dunƙulen cuku na Turawa. Amma da za a ce in ɗauki guda ɗaya tak daga gonar nan, ita zan ɗauka. Girmanta daidai tukunyar iyali, ɓawonta na feruwa ba tare da kokawa ba, tsokarta na narkewa sumul, kuma tana iya yin wata uku zuwa shida a ajiye.

Sai masu launin toka-toka da shuɗi. Jarrahdale daga wani gari mai wannan suna kusa da Perth a yammacin Ostireliya take. Ɓawonta tauri gare shi ƙwarai, shi ne sirrin daɗewarta, shi ne kuma wahalarta a kicin. Kada a yi ƙoƙarin fere ta ɗanya. A kafa babbar wuƙa a cikin tsaga ɗaya, a buga bayan wuƙar da muciya har ta rabe, a gasa ko a turara ta da ɓawonta, sannan a kwashe tsokar da cokali. Marina di Chioggia ta gaɓar teku kusa da Venis a Italiya koriya ce mai duhu, jikinta duk ƙulle-ƙulle, tsokarta busasshiya mai zaƙi da gari-gari. Italiyawa na cusa ta a cikin taliyarsu. Akwai kuma Galeux d'Eysines daga kusa da Bordeaux, mai launin ruwan hoda, wadda jikinta ke fitar da wasu ƙuraje sak ɓawon gyaɗa. Tana da daɗi da santsi a miya, sai dai ba ta ajiyuwa kamar sauran, kuma ƙurajen na riƙe damshi, don haka idan an yi ado da ita a fara cinye ta. Mai son fara ya nemi Flat White Boer ta Afirka ta Kudu, wadda ɓawonta fari ne amma cikinta lemo ne kuma ana cin ta sosai.

A gidan pepo ma akwai na ci, ƙanana. Winter Luxury, wadda wani kamfanin iri na Philadelphia ya fitar a 1893, kusan kilo 3 ce, jikinta lulluɓe da wani farin saƙa mai kaushi. Masu gasa kabewa na yabonta fiye da kowace, amma wata ɗaya zuwa biyu ne iyakar ajiyarta. Ƙattin nan kuwa da ake gasar nauyi da su, Atlantic Giant, na kallo ne kawai. A 2023 an auna wata a Half Moon Bay ta jihar Kalifoniya ta kai kilo 1,247. Ba mai dafa irinsu.

Bayan an zaɓi iri, sai a zaɓi ƙwaya. A danna farce a ɓawo: idan ya shiga, ba ta nuna ba, kuma ba za ta daɗe ba. A juya ta a duba ƙasanta da kewayen mariƙi, nan ruɓa ke farawa. Wuri mai laushi ko mai jiƙe-jiƙe komai ƙanƙantarsa ya isa a ajiye ta a ɗauki wata. Mariƙin ya zama busasshe, a manne gam, tsawonsa santimita 8 zuwa 10. Na ga mutane da yawa suna ɗaukar kabewa ta mariƙi suna lilo da ita zuwa mota. Idan ya ɓalle, ya bar rauni a buɗe, kabewar da za ta yi wata uku sai ta lalace cikin makonni. Da hannu biyu ake tallabo ta daga ƙasa. Nauyi kuma ya danganta da aikin da za ta yi: ta girki a nemi mai nauyi fiye da girmanta, ta sassaƙa a nemi mara nauyi mai amsa kuwwa idan an ƙwanƙwasa.

Kyakkyawar gona takan bar kabewa ta sha ɗumi bayan girbi, kimanin kwana 10 a zafin digiri 27 zuwa 29 na Salshiyas, don ɓawo ya yi tauri, ƙananan raunuka su warke. Daga nan wurin ajiya ya zama busasshe mai iska, digiri 10 zuwa 13, a jera su a kan katako ko kwali ba tare da suna taɓa juna ba. Siminti na jawo damshi ta ƙasa. Kada a haɗa su ɗaki ɗaya da tuffa, domin iskar da tuffa ke fitarwa na saurin tsufar da su. Akwai kuma tsarin ci: ƙananan pepo da Galeux da farko, sannan maxima, moschata a ƙarshe. Maxima da moschata ma sun fi daɗi bayan sun yi wata ɗaya ko biyu a ajiye, lokacin da sitacin cikinsu ya juye sukari. Wanda ya dafa Jarrahdale ranar da aka cire ta zai ce ba ta da zaƙi, alhali gaggawa ya yi.

A ƙofofin gidaje a ƙauyukan da na ratsa, adon da ya fi yawa shi ne jeri uku: ja mai faɗi a ƙasa, mai toka a tsakiya, fara a sama. Masu faɗi ne kaɗai ke zama a kan juna. Wasu na datse mariƙin na ƙasa don na sama ya zauna daidai. A rage tsawonsa idan dole ne, amma kada a ɓalle shi daga tushe. Abokan gabar kabewar waje huɗu ne: rana mai zafi, ruwa da ke taruwa a ramin mariƙi, kurege da ke ƙwaƙule ta, da sanyin dare. Idan aka yi hasashen sanyi zai sauka ƙasa da sifili, a shigar da su ciki, domin kabewar da ta daskare ta narke sai ta yi laushi ta zube. Masu son ta daɗe sukan goge ta da ruwan bilic, babban cokali ɗaya a lita 4 na ruwa, su bar ta ta bushe. Wadda aka fafe kuwa kwana 3 zuwa 7 ne rayuwarta kafin fumfuna ta kama ta, don haka ba a fafewa sai biki ya matso. Ya fi kyau a yanka ƙofar ta ƙasa maimakon ta sama, a kankare bango ya rage kamar santimita biyu da rabi, a sa fitilar batir. Kyandir na dafa tsokar daga ciki. Kuma wadda aka fafe ta kwana a waje ba ta ci ba ce, ko da irin mai daɗi ce.

Bahaushen da ke zaune a Amurka yana marmarin miyar taushe zai sami biyan buƙata a nan fiye da yadda yake zato. Long Island Cheese, Musquée de Provence da Jarrahdale duk suna yi. Ga kilo ɗaya na nama da ƙashi, kilo ɗaya na ferarriyar kabewa ya isa, a dafa ta cikin romon har ta yi luguf, a dame da ludayi, sannan a bi da kayan miya, daddawa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa kamar rabin kofi, alayyafo da yakuwa a ƙarshe. Abin lura shi ne ruwa da zaƙi. Idan Rouge Vif ce, a rage ruwan sanwa sosai, ita da kanta za ta saki nata. Idan Marina di Chioggia ce, akasin haka: tana shanye romo, miyar ta yi kauri fiye da kima ta kama ƙasan tukunya, kuma zaƙinta na neman ƙarin yakuwa don tsami ya daidaita shi. Wanda bai sami ɗanya ba, ta gwangwani na yi, amma ya karanta jikin gwangwanin da kyau. Iri biyu ne a kanta ɗaya, kamanninsu kusan ɗaya: ɗaya zallan kabewa, ɗayan an riga an zuba masa sukari da kayan ƙamshi don gasawa. Na biyun ya shiga tukunyar taushe, miya ta tashi daga aiki.

Su kuwa mutanen ƙasar babban abin da suke yi da ita shi ne fai, wato haɗin kabewa mai zaƙi da ake gasawa a buɗe a kan kwaɓin fulawa, wanda ba ya rasuwa a teburin bikin godiya na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A raba kabewar biyu, a kwashe 'ya'yan, a kife ta a faranti, a gasa a obin mai zafin digiri 200 na minti 45 zuwa 60 har cokali mai yatsu ya shige ba turjiya. Gashi ya fi tafasawa domin yana ƙone ruwa maimakon ya ƙara. A kwashe tsokar a markaɗa, a zuba a tsaftataccen ƙyalle a kan rariya ta tsane na awa ɗaya ko fiye. Masu tsallake wannan matakin su ne fai ɗinsu ke fitowa a jiƙe, ya ƙi daskarewa. Kilo ɗaya na ɗanyar kabewa na ba da kimanin kofi biyu. Ga fai ɗaya: giram 425 na markaɗen, ƙwai 2, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, madarar ruwa ta gwangwani mililita 350, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, citta rabi, kanumfari kwata, gishiri rabi. A juye a kan kwaɓin fulawa da aka shimfiɗa a faranti, a fara da digiri 220 na minti 15, a sauke zuwa 175 na minti 40 zuwa 50. A cire shi tsakiyarsa na ɗan rawa. Idan aka jira ya ƙame a cikin obin, zai tsage da ya huce.

Kowace iri ce, a ɗanɗani ɗan ƙarami tana ɗanya kafin a dafa. Idan da ɗaci mai tsanani, a tofar a zubar da ita gaba ɗaya. Ɗacin wani guba ne da dangin kabewa ke iya ɗauka, yana sa amai da gudawa, kuma wuta ba ta kashe shi. An fi samunsa a ƙananan 'yan adon nan masu launi-launi da ake sayarwa a kwando, waɗanda ba na ci ba ne sam, da kuma kabewar da ta tsiro daga irin da ya gauraya da su.

Wannan gaurayar ce ke ba masu ajiye iri kunya. A gona irin ta Arthur, inda ɗaruruwan nau'i ke fure kusa da juna, ƙudan zuma na kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Kabewar bana ba ta canzawa, amma 'ya'yan cikinta sun riga sun zama ruwa biyu. Gauraya na faruwa ne tsakanin 'yan gida ɗaya: Rouge Vif da Jarrahdale za su haɗu don dukansu maxima ne, Long Island Cheese da Musquée ma haka. Don haka mai son iri na gaskiya ya sayi fakitinsa, kada ya dogara da 'ya'yan wadda ya ci. In kuma zai ajiye nasa, ko dai ya shuka nau'i ɗaya tak daga kowane gida, da tazarar aƙalla mita 800 daga gonar wani, ko ya yi auren da hannu: da yamma ya ɗaure bakin furen namiji da na mace da za su buɗe gobe, da sassafe ya tsinko namijin ya cire ganyensa ya goga garin a kan na macen, wadda ake ganewa da ɗan ƙullin kabewa a gindinta, ya sake ɗaurewa, ya sa zare a mariƙin don ya gane ta ranar girbi. Mai niyyar gwadawa a ƙasa mai zafi ya karkata ga moschata. Maxima irin su Rouge Vif da Galeux sun fi son yanayi mai sanyi-sanyi, yayin da Seminole, wata ƙaramar moschata ta 'yan asalin Florida, ke jure zafi da damshin da ke kwantar da sauran, kuma karanta a toshe yake, tsutsar da ke huda karan pepo da maxima ba ta cika samun hanyar shiga ba.